Gyaran Kamannin Gurbin Rubutu a Manhajar Kwamfuta: Darasi ga Ɗaliban Harshe

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta ya san ɗan farin akwatin nan da ake dannawa a rubuta suna, ko lambar rajista, ko kalmar da ake nema. Shi ne muke kira gurbin rubutu a wannan darasi. Layi ɗaya tak yake ɗauka, kuma saboda ƙanƙantarsa ba a cika kula da shi ba sai ranar da ya kawo matsala. Da yawa daga masu tsara manhaja suna ɗaukar gyaran kamanninsa a matsayin kwalliya, abin da za a waiwaya in an gama babban aiki. Ga wanda manhajarsa ta Turanci ce, wannan sakaci ba ya cika jawo asara. Ga mai aiki da Hausa kuwa ba haka abin yake ba, domin gurbin da ba a shirya shi da kyau ba zai iya nuna ɗan murabba'i a inda ya kamata ƙ ta fito. Mai rubutu kuma, da ya ga haka, sai ya haƙura ya sa k, ƙafa ta koma kafa, ɓari ya koma bari. Ke nan kamannin gurbi yana da hannu a ingancin abin da aka rubuta a cikinsa.

Domin kada bayanin ya tsaya a iska, za mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi. A ƙaddara ɗalibi yana son ya haɗa 'yar manhajar ƙamus da za ta zauna a kan kwamfutar tebur, mai taga ɗaya da gurbin da za a rubuta kalma a nemo ma'anarta. Kayan aikin da za mu yi amfani da shi kuwa shi ne Swing na harshen Java.

Me ya sa Swing?

Kamfanin Sun Microsystems ne ya fito da Java a 1995, kafin Oracle ya saye kamfanin a 2010. Da farko Java tana gina tagogi da wani kunshi mai suna AWT, wanda yake aro gurbin rubutu daga tsarin da kwamfutar ke tafiya a kai. In Windows ne, gurbin Windows za a gani, kuma mai tsara manhaja ba shi da iko sosai a kansa. A Disamban 1998, tare da Java 1.2, Swing ya shigo cikin harshen sosai. Bambancinsa shi ne da kansa yake zana komai, tun daga layin gefe har sandar nan mai ƙyaftawa. Abin da ka zana da hannunka kuwa kana iya sauya shi, shi ya sa ya dace da koyo. Ga yadda ake ƙirƙirar gurbin:

JTextField gurbi = new JTextField(20);

Wannan 20 tana ruɗar masu koyo. Ba ta nufin haruffa 20 ne kaɗai za su shiga. Faɗin gurbin take nunawa, kuma ma'aunin shi ne faɗin harafin m a zubin haruffan da ake amfani da shi, a ninka sau 20. Tun da m tana cikin haruffa mafi faɗi, gurbin zai nuna fiye da haruffa 20 na rubutun yau da kullum, in kuma rubutun ya zarce sai ya riƙa zamewa gefe. Haka kuma duk lokacin da aka sauya zubi ko girmansa, faɗin gurbin zai sauya. Saboda haka zubi ake fara zaɓa, sannan a duba faɗi.

Zubin haruffa: inda gizo ke saƙar

Da zubin haruffa muna nufin irin su Times New Roman da Arial, wato siffar da aka yi wa kowane harafi. Kwamfuta ba harafi take ajiyewa ba, lamba take ajiyewa, zubi kuma shi ne yake ba lambar fuska. A tsarin Unicode, ɓ tana da lamba U+0253, ɗ tana da U+0257, ƙ kuma U+0199. Manyansu su ne Ɓ mai U+0181, da Ɗ mai U+018A, da Ƙ mai U+0198. Akwai kuma ƴ da Ƴ, U+01B4 da U+01B3, waɗanda ake amfani da su a rubutun Hausar Nijar a inda mu a Nijeriya muke rubuta 'y.

Mai lura zai ga wani abu a waɗannan lambobi. Ƙananan ɓ da ɗ suna can nesa da 'yan'uwansu. Dalili shi ne Unicode ya ajiye su a rukunin alamomin furuci na ƙasa da ƙasa, waɗanda ɗaliban ilmin furuci suka sani, sauran shidan kuma suna wani rukuni na ƙarin haruffan Latin. Mai ƙera zubi zai iya zana rukuni ɗaya ya bar ɗaya. Shi ya sa ganin ƙ ta fito lafiya ba ya nuna ɗ ma za ta fito, kuma gwada ƙananan haruffa kaɗai bai wadatar ba. Dole a gwada duka takwas ɗin.

Java ta tanadi hanyar gwajin, ba sai an dogara da ido ba:

Font zubi = new Font("Charis SIL", Font.PLAIN, 18);
int sakamako = zubi.canDisplayUpTo("ɓƁɗƊƙƘƴƳ");

In sakamakon ya zama -1, zubin yana da dukkan haruffan. In wata lamba ce daban, to ita ce matsayin harafin farko da ya gagare shi, ana ƙirgawa daga sifili. Bayan an tabbatar sai a ɗora shi:

gurbi.setFont(zubi);

A nan akwai tarko guda biyu. Na farko, in kwamfutar ba ta da zubin da aka ambata, Java ba za ta yi ƙorafi ba. Shiru za ta yi ta ɗauko nata mai suna Dialog. Ɗalibi zai gwada manhaja a kwamfutarsa ya ga komai sumul, ya kai wa malami a wata kwamfutar ya tarar kamannin ya sauya, bai kuma san dalili ba. Na biyu ya shafi bambancin zubi na zahiri da na suna. Java tana da sunaye biyar da ba zubi ba ne a karan kansu: Serif, SansSerif, Monospaced, Dialog da DialogInput. Kowanne tarin zubi ne da aka jera, in na farko ya rasa harafi sai a nema a na gaba. Zubi na zahiri kuwa, wanda aka kira da sunansa, a Windows shi kaɗai yake tsayawa, in ya rasa harafi murabba'i za a gani. Wato wanda bai taɓa komai ba wani lokaci ya fi wanda ya zaɓi kyakkyawan zubi marar ƙugiya samun sa'a.

Hanyar da ta fi kwanciyar hankali, a ganina, ita ce manhaja ta tafi da guzurinta. Zubi irin su Charis SIL da Doulos SIL da Andika da Gentium, da kuma Noto Sans na Google, duk suna da haruffan Hausa, kuma lasisinsu ya yarda a haɗa su cikin manhaja a rarraba. Ana sa fayil ɗin zubin a cikin kunshin manhajar, a karanto shi da umarnin createFont. Sai dai zubin da aka karanto ta wannan hanya yana zuwa da girman 1, wanda ido ba ya gani, don haka sai an ƙara masa girma:

gurbi.setFont(zubi.deriveFont(18f));

A lura da f ɗin da ke bayan 18. In aka manta da ita, Java za ta ɗauka ana maganar salo ne, irin kauri ko karkata, ba girma ba, rubutun kuma ya ci gaba da zama ɗan ɗigo. Harafi ɗaya ne, amma yana iya cinye wa mutum yini.

Ya kamata a faɗi wata kalma game da tsofaffin zubin Hausa. Kafin Unicode ya yaɗu, mafitar da aka samu ita ce a ƙera zubi na musamman a ɗora haruffa masu ƙugiya a mazaunin wasu alamomi. Zubin Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya samar, sun yi wa rubutun Hausa hidima sosai a wancan zamani. Amma bai dace a ɗora irinsu a gurbin sabuwar manhaja ba. Ido zai ga ƙ, alhali lambar da aka ajiye ta wata alama ce daban, kuma ƙamus ɗin da aka tsara da Unicode ba zai gane kalmar ba in aka neme ta.

Haka nan ɗalibin harshe yana da wata buƙata da sauran mutane ba su da ita, wato alamomin karin sauti da tsawon wasali. Ƙamus ɗin da zai bambance gado na kwanciya da gado na dukiyar mamaci dole ya ɗora alama a kan wasali, wani lokaci ma biyu a kan wasali ɗaya, ta tsawo da ta kari. Ba kowane zubi ne ya iya jera su ɗaya bisa ɗaya ba, wasu sukan cakuɗa su wuri guda. Zubin SIL da aka ambata an ƙera su ne da irin wannan aiki a zuciya. Girman 12 da yake isar rubutun Turanci kuma ya yi kaɗan a nan, domin ƙugiyar ƙ da ta ɗ ƙanana ne, a ƙaramin rubutu sai su ɓace wa ido. Daga 16 zuwa 18 ya fi.

Abu ɗaya da zubi ba ya yi shi ne shigar da harafin. Wannan aikin madannai ne. Windows tana da tsarin madannai na Hausa, amma ba kowa ya san yadda ake kunna shi ba. Mai tsara ƙamus zai iya jera ƙananan maɓallai a ƙarƙashin gurbin, kowanne in an danna shi ya kira replaceSelection ya saka harafinsa a inda sanda take. A hana waɗannan maɓallai karɓar hankalin madannai da setFocusable, in ba haka ba duk dannawa sai sandar ta bar gurbin.

Launi

Ana haɗa launi da lambobi uku, ja da kore da shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. Umarnin setForeground na rubutu ne, setBackground kuma na bangon gurbin. Yawancin masu koyo a nan suke tsayawa, alhali launukan gurbi biyar ne aƙalla. Akwai na sandar rubutu, akwai na inuwar da ke rufe kalmar da aka zaɓa, akwai kuma na rubutun da ke cikin inuwar:

gurbi.setBackground(new Color(30, 30, 30));
gurbi.setForeground(Color.WHITE);
gurbi.setCaretColor(Color.WHITE);
gurbi.setSelectionColor(new Color(0, 90, 160));
gurbi.setSelectedTextColor(Color.WHITE);

Wanda ya baƙanta bango ya manta da layi na uku, sandarsa baƙa za ta shige cikin baƙi, mai rubutu ya rasa inda yake.

Zaɓen launi ba son rai ba ne kawai, yana da ma'auni. Ƙa'idojin WCAG 2.0 na 2008, waɗanda aka tsara don shafukan intanet amma masu manhajar tebur ma suke aro, sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai 4.5 bisa 1. Baƙi a kan fari yana ba da 21 bisa 1, wanda shi ne ƙololuwa. Toka-toka mai lamba 118 a duka ukun a kan fari ya tsallake da ƙyar, 119 kuma ya faɗi. Wannan ya nuna cewa tokar nan mai haske da ake yayi ba ta dace da gurbin da za a karanta ƙugiya da alamar kari a cikinsa ba.

Game da nuna kuskure, al'ada ita ce a mayar da gefen gurbin ja. Babu laifi, amma kada ja ya tsaya shi kaɗai. Kusan kashi 8 cikin 100 na mazan da asalinsu Arewacin Turai ne ba sa bambance ja da kore sosai, kuma ana samun wannan lalura a kowace al'umma ko da adadin ya bambanta. A haɗa launin da gajeren saƙo a rubuce, kamar "Ba a sami wannan kalma ba".

Iyaka da rata

Rubutun da ya manne da layin gefe yana da wuyar karantawa, musamman mai alamomi a sama. Swing yana da setMargin don buɗe rata, kuma yana aiki muddin ba a taɓa iyakar asali ba. Da zarar an sa sabuwar iyaka da setBorder, ratar ta tafi. Dalilin shi ne ba gurbin ne yake aiwatar da ratar ba, iyakar asalin ce take karanta ta ta bar wurin. Ka cire ta, ka cire mai karantawa. Mafita ita ce a haɗa iyaka biyu, ta waje mai layi da ta ciki wadda ba a gani:

gurbi.setBorder(BorderFactory.createCompoundBorder(
BorderFactory.createLineBorder(Color.GRAY, 2),
BorderFactory.createEmptyBorder(6, 8, 6, 8)));

Lambobi huɗun nan fiksel ne, kuma jerinsu sama, hagu, ƙasa, dama. In ana son iyakar ta sauya launi lokacin da aka shiga gurbin, a sauya launin kaɗai a bar kaurin yadda yake. Ƙarin fiksel ɗaya ya isa ya sa rubutun ciki ya yi tsalle duk lokacin da aka danna.

Gefe mai lanƙwasa kuwa, wanda ɗalibai suka fi tambaya a kai, yana yiwuwa, amma sai an hana gurbin shafa bangonsa mai kusurwa huɗu, a kuma rubuta zanen da hannu a cikin paintComponent. Wahalarsa ta fi amfaninsa.

Sutura ta bai ɗaya

Duk abin da ya gabata gyaran gurbi ɗaya ne. Manhajar da take da gurabe talatin fa? Swing ya raba aikin kowane abu da kamanninsa, ya danƙa kamannin ga abin da za mu kira sutura. Suturar asali ita ce Metal. Nimbus ta zo a 2008, akwai kuma wadda take kwaikwayon Windows, sannan a 2019 aka sami FlatLaf daga wajen kamfanin, wadda mutane da yawa suka koma gare ta. Kowace sutura tana da rumbun da ta ajiye zaɓinta, ana kuma iya sauya abin da ke ciki:

UIManager.put("TextField.font", new FontUIResource(zubi));

Dole wannan layi ya zo kafin a ƙirƙiri gurbi ko ɗaya, domin a lokacin haihuwa kowane gurbi yake leƙa rumbun. Kuma gurbin kalmar sirri da babban filin rubutu mai layuka da yawa kowanne da nasa mabuɗin, PasswordField.font da TextArea.font. A manhajar ƙamus wannan na biyun yana da muhimmanci, don a nan ma'anar kalma za ta fito. Nimbus tana da nata tsarin daban, ba kowane mabuɗi take saurara ba.

Kalmar UIResource da ke maƙale a layin sama tana da hikima. Tambari ce da ke nuna cewa wannan zaɓi na sutura ne, tana da izinin sauya shi. Launi ko zubin da mai tsarawa ya ɗora kai tsaye ba shi da tambarin, don haka Swing yana ɗaukar sa a matsayin umarnin mai gida, ba ya taɓa shi. Wannan yana da daɗi, yana kuma da illa. A Metal da suturar Windows, in aka kulle gurbi da setEditable don kada a sauya abin da ke ciki, bangonsa yakan dusashe da kansa don mutum ya gane. Amma in mai tsarawa ya riga ya ɗora nasa launin bango, dusashewar ba za ta faru ba, gurbin zai yi kama da buɗaɗɗe alhali a kulle yake. Wanda ya karɓi launi daga hannun sutura ya karɓi alhakin dukkan yanayin gurbin. A kuma bambance wannan da setEnabled. Gurbin da aka hana gyarawa ana iya zaɓar rubutunsa a kwafa, wanda aka kashe gaba ɗaya kuwa ko dannawa ba ya amsawa. Don nuna sakamakon bincike, na farkon ya fi dacewa.

Rubutun jagora, wato ɗan dusasshen "Rubuta kalma a nan" da ke ɓacewa in an fara rubutu, babu shi a Swing na asali. FlatLaf ta tanade shi, haka ma JavaFX. Kada a yi dabarar zuba shi a gurbin kamar rubutu na gaske, domin manhajar za ta iya ɗaukar sa ta shiga nemansa a ƙamus. Kuma ko da an samu na ƙwarai, ba ya maye gurbin lakabin da ke gefe, tun da yana gushewa daidai lokacin da ake buƙatarsa.

In gurbin na Ajami ne

Ɗalibin da yake aiki a kan rubuce-rubucen Ajami zai buƙaci gurbin da ke farawa daga dama. Kuskuren da aka saba yi shi ne a tura rubutun dama da setHorizontalAlignment a ɗauka an gama. Wannan jingina ce kawai. Abin da ake buƙata shi ne a sauya alƙiblar gurbin:

gurbi.setComponentOrientation(ComponentOrientation.RIGHT_TO_LEFT);

Jinginar asali ta gurbi ita ce LEADING, ma'ana gefen da rubutu ke farawa, hagu a boko, dama a Ajami. Wanda ya bar ta haka, gurbinsa zai bi alƙibla da kansa. Wanda ya kafe ta a LEFT kuwa ya ɗaure ta a hagu ko da an juya alƙiblar.

Zubi ma sai an sake. SIL ta fitar da Harmattan, wanda aka yi don rubutun Afirka ta Yamma, da Alkalami, wanda ya bi salon hannun Kano. Haɗa haruffan Larabci da ɗora musu wasula aiki ne mai sarƙaƙiya, kuma tun daga Java 9 ta 2017 injin HarfBuzz ne yake yin sa. Unicode 13 na 2020 ya ƙaro wasu haruffan Ajamin Hausa, Java kuma ta san su daga fitowa ta 15, don haka tsohuwar Java ba za ta yi wannan aiki yadda ya kamata ba. Tun da Ajami yana rubuta wasulansa a sama da ƙasa, ba kamar Larabcin jarida da ke barin su ba, ratar sama da ta ƙasa sai ta fi ta boko, girman zubin ma haka. Manhajar da za ta karɓi rubutun biyu gara ta ware wa kowanne gurbinsa, da zubinsa da alƙiblarsa, a gwada na bokon da haruffa takwas ɗin nan, na Ajamin kuma da kalma mai cikakkun wasula.